Amsa: yaran ajin share fage na gwamnati

'Yar uwa, kin tambaya ko yaran ajin share fage na makarantun gwamnati ba su kai na makarantun kuɗi ƙwaƙwalwa ba. Ko kusa ba haka ba ne! Dubi waɗanda ke ajin: 'ya'yan manoma da leburori da masu ƙananan sana'o'i, wasu ko koko ba su sha ba suke fitowa, kuma a gida babu mai nuna musu baƙi da wasali. Dokar UBE ta 2004, wato dokar ilimin bai-ɗaya ta Najeriya, ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin matakin farko, amma sau da yawa malama ɗaya ce da yaran da suka fi ƙarfinta. Abin da ya fi damuna shi ne a fara musu da Turanci alhali Hausa suke ji. Ki je ajin da safe, ki ƙirga yaran, ki tambayi malamar ko tana da littattafan Hausa.