Murjani mai laushi yana narkewa a tanki: yadda za a cece shi

Malam, wannan yauƙi mai ruwan ƙasa da ka ce ya lulluɓe murjaninka (halittar teku mai rai da ake kiwo a tankin ruwan gishiri), har yana wari, ruɓa ce, kuma tana saurin yaɗuwa. Kashe famfon da ke juya ruwan tankin tukuna, kada ya watsa ta. Zuƙe yauƙin da siririn tiyo, ka ciro murjanin, ka yanke ruɓaɓɓen wurin da sabuwar reza har ka taɓa lafiyayyen nama. Sai ka tsoma shi minti 10 cikin lita ɗaya ta ruwan tankin da ka ɗiba a wani mazubi ka sa wa ɗigo 10 na aidin ɗin Lugol (wani nau'in ruwan aidin mai kashe ƙwayoyin cuta), ka ɗauraye, ka keɓe shi inda ruwa ke gudu sosai. Canza kashi 20 cikin ɗari na ruwan tankin, zafinsa ya tsaya digiri 25 zuwa 26 a ma'aunin Celsius.