Feshin dare a motar mutane: amsata ga yaron shagona

Ɗana, tambayar da ka yi mini jiya da la'asar, lokacin da aka turo mana rakshar nan, wato keke mai ƙafa uku na haya, da wasu yara suka yi wa feshi cikin dare, ban amsa ta a wurin ba, domin raina ya ɓaci kuma ba na son in yi magana da ɓacin rai a gaban mai kaya. Ka nuna mini hotunan jiragen ƙasa na Amurka a wayarka, an rufe su da launuka tun daga ƙasa har rufi, ka ce mutanen duniya suna kiran wannan fasaha, sannan ka tambaye ni ko abin da aka yi wa rakshar shi ma fasaha ne, kuma ko ya dace ka koyi aiki da gwangwanin feshi. Shekara talatin da huɗu ke nan ina riƙe da bindigar fenti da burushi a Gadarif ta ƙasar Sudan, saboda haka ka saurara da kyau.

Ban taɓa cewa zane a jikin mota ba fasaha ba ne, domin da shi na ciyar da iyalina. Duk wanda ya ga tsohuwar Bedford ɗin nan ta Ingila, wadda mutanen ƙasar nan suke kira Sifinja saboda laushin tafiyarta, ta fito daga hannun gwani, da Masha Allah a goshinta da salon rubutun Larabci na sulusi, da baitin waƙa a bayanta da na ruƙ'a, ya san cewa akwai ilimi a wurin. Ni hannuna a kan allo ya faɗa, kuma a wurin malamin da yake yi wa masu sauka zayyana na koyi yadda ake auna fili kafin a ɗiga tawada. Mai mota yakan zo ya zauna, ya faɗi abin da ke zuciyarsa, mu yi ciniki, sannan in zana masa abin da zai yi shekara goma yana ratsa rana da ƙura da shi. Wanda ya lallaɓo da tsakar dare ya fesa sunansa a kan dukiyar da ba tasa ba, ya gudu kafin kiran assalatu, ko da hannunsa ya fi nawa kyau, ɓarna ya yi, kuma wani ne zai biya.

Na san wanda yake biya, domin ni na taɓa biya.

Lokacin muna kashe dinari ne, kafin a dawo da fam a 2007. Wani ɗan kasuwa, wanda ba zan kama sunansa ba duk da yana nan da rai, ya kawo mini Sifinjarsa ana saura wata guda a fara yankan riɗi. Kwana goma sha ɗaya na yi a kanta. Na kankare ta har ƙarfe, na cike lotsawarta da ma'ajun, na yi mata shuɗi mai duhu da fentin mota da muke kira duko, na kewaye ƙofofinta da zayyana ruwan ɗorawa, na rubuta Tawakkaltu alallah a gefen direba da hannuna, ba tare da na ɗora takardar kwafi ba. Direbobi sun riƙa zuwa daga bakin kasuwar amfanin gona domin su kalle ta kawai. Ya ba ni rabin kuɗina, ya ce sauran sai ya kai lodin farko Bur Sudan ya dawo, na yarda saboda a sahu ɗaya muke sallah.

Bayan mako biyu sai ga ta an dawo da ita. An fesa sunan wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa da jan fenti tun daga ƙofar direba har ƙarshen bodi, jan ya bi ta kan sunan Allah da na rubuta ya tsiyaya. Da na sa farce na san cewa feshin ya kwana huɗu ko biyar a rana, ya riga ya kama. Mutumin ya riƙe hannuna yana roƙo, ya ce riɗi ba ya jira, in ya bushe a gona sai ya fashe ya zube, ga lodi ana ta raba wa wasu, in taimaka in fitar masa da ita cikin kwana uku. A nan na yi kuskuren da har yau in na tuna shi barci yake ƙaurace mini. Tun da fentina duko ne, ba zan iya goge jan da tina ba, domin tina za ta narkar da nasu da nawa gaba ɗaya. Abin da ya kamata shi ne in kankare gefen nan har sai babu ɗigon ja, in sa shimfiɗar ƙasa, in bar ta ta bushe, aikin mako guda. Sai na bi ta kansa da samfefa sama-sama, na fesa sabon duko a kai. Tinar da ke cikin duko tana da zafi, ta ratsa ta tayar da fentin gwangwanin da ke ƙasa, washegari gefen motar ya yamutse kamar fatar da aka shanya ba a miƙe ta ba, kuma jan ya huda shuɗin ya fito, ana karanta sunan ƙungiyar daga nesa.

Mutumin nan da ya riƙe hannuna yana roƙo sai ga shi da shaidu biyu. Ya ce shi mota mai rubutu ya kawo, ni kuma na mayar masa da ita kuturwa, saboda haka ba zai biya kuɗin gyara ba, kuma rabin kuɗin aikin farko ya tafi a madadin lodin da ya rasa. Na kankare gefen nan da kuɗin aljihuna, na goge sunan Allah da na rubuta da hannun da ya rubuta shi, na sayar da ƙaramar kwamfaresata domin in sayi fenti, na yi wata biyar ina aron ta maƙwabci. Sai bayan shekara guda yaron motarsa ya gaya mini cewa ɗan mai motar ne da abokansa suka yi feshin a daren da ƙungiyarsu ta ci wasa, kuma uban ya sani tun safiyar farko. Kwanakin nan da motar ta yi tana gasuwa a rana, ɓoye ta ya yi a bayan gida domin kada unguwa ta gane hannun ɗansa. Da ya kawo mini ita a ranar, da ɗan kananzir da tsumma da man goge fenti sun gama maganar kafin azahar. Har gobe in mun haɗu a jana'iza yana miƙo mini hannu, ina karɓa saboda Allah, amma kuɗina suna wuyansa.

Su jiragen da ka nuna mini, na birnin Niyok ne, kuma abin ya yi ƙarfi a can a shekarun 1970. Ban musa ba, a cikinsu akwai masu ido, sun san yadda launi yake zama kusa da launi. Amma wayarka ba ta gaya maka ƙarshen labarin ba. Hukumar jiragen ta ɗauki ƙa'ida a 1984 cewa taragon da aka tsabtace, in aka sake fesa masa fenti, ba zai fita aiki ba sai an wanke shi, kuma zuwa 1989 ta janye na ƙarshe mai feshi daga kan layi. Talakan da yake shiga jirgin ne ya biya wannan wanki. Na kuma ga hotunan zanen da matasa suka yi a bangaye a Khartoum lokacin zaman dirshan na 2019, wasu fuskokin sun sa na yi shiru na daɗe ina kallo. Waɗannan da rana tsaka suka yi, jama'a suna tsaye suna miƙa musu ruwa, ba su laɓe sun lalata abin neman abincin wani ba. Mai rakshar jiya kuwa haya yake biya kullum, kuma kowace ranar da ta kwana a shagonmu bashi ne a kansa.

Abin da yake damuna da ku yaran yanzu shi ne gaggawa. Kana wata na bakwai a wurina, har yau ba ka iya ja layi madaidaici da burushi tsawon kamu ɗaya ba tare da hannunka ya yi rawa ba, amma kana maganar gwangwani saboda shi ba ya buƙatar a dama, ba ya buƙatar a tace, kuma cikin minti biyar ka sami abin ɗauka a waya. Ni shekara uku na yi ina wanke bindigar maigidana kafin ya bar ni in fesa ko da murfin taya. In kana son zane, ga tsohuwar ƙofar boksi, wato motar a-kori-kura, can a bayan shago, taka ce, ka zana ta ka kankare sau ɗari, ranar da wani direba ya tsaya ya tambayi wanda ya yi ta, zan ba ka gefen mota.

Yadda ake wankewa da rufe gilashi ba sai na ɓata bakina ba. Gobe da sassafe, kafin rana ta taɓa rakshar, ka jiƙa tsumma da tina kaɗan ka gwada a ƙarƙashin kujera inda ido ba ya gani. In launi bai biyo tsumman ba, fentin kamfani ne da aka gasa, sai ka bi feshin a hankali, tafin hannu ɗaya bayan ɗaya, kana sauya tsumma. In ya biyo, an taɓa yi mata duko, ka ajiye tinar ka ɗauko kananzir ka jira ni. Tamfol ɗin rufin kuwa kada ka taɓa shi, ya riga ya sha fentin, sai dai a kai wa mai ɗinki ya sauya ɓangaren. Kuma kafin ka ɗora hannu a kanta, ka kira mai ita da mutum biyu, a faɗi kuɗin aiki a gabansu, ya ajiye su cif a hannun mai shayin bakin shago.