Fatawa: Mahaifiyata ta ce ɗaukar 'yar fari rashin kunya ne

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara sani mai amfani. Ni ɗan kasuwa ne a Zariya, matata ɗaya, muna da 'ya mace mai shekara 2 da wata 3, ita ce 'yar farinmu. Yanzu uwarta na fama da laulayin ciki na biyu, ko warin girki ba ta iya jurewa. Shi ya sa ni nake yi wa yarinyar wanka da safe, in sake mata ƙunzugu, in ba ta kunu kafin in fita kasuwa. Da yamma nakan saɓa ta a kafaɗa mu zaga unguwa, wani lokaci har masallaci. Gida ɗaya muke da Hajiyarmu. Ta kira ni ta ce na zubar mata da mutunci, wai ɗan kirki ba ya ɗaukar ɗan fari a gaban iyayensa balle ya sumbace shi, kuma kunya ai daga imani take. Abokai a majalisa kuwa sun laƙaba mini mijin-ta-ce. Malam, mene ne hukuncin abin da nake yi? Idan na ci gaba na saɓa wa mahaifiyata ke nan? Ya matsayin alwalata idan na yi wa yarinyar tsarki, da sallata idan ta hau bayana ko ta ɓata mini riga?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da iyalansa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, abin da kake yi halal ne. Wani sashinsa sunna ce da za ka samu lada a kanta, wani sashin kuma, a halin da gidanka yake ciki yanzu, ya kai matsayin wajibi. Bari mu fara da hujjar Hajiya, domin ba maganar banza ta yi ba.

Gaskiya ne kunya daga imani take, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Amma wa zai fassara mana kunyar da ake nufi in ba wanda ya faɗi hadisin ba? Abu Sa'idil Khudri ya ce Annabi (SAW) ya fi budurwar da ke cikin ɗakinta kunya. To wannan Annabin da ya fi kowa kunya, Abu Ƙatada ya gan shi yana yi wa mutane limanci ga Umama, 'yar 'yarsa Zainab, a kafaɗarsa. Idan zai yi sujada ya ajiye ta, idan ya miƙe ya sake ɗaukarta. Hadisin yana cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim. A masallaci ne, a gaban manyan sahabbai. Buraida ya ce wata rana yana huɗuba sai ga Hasan da Husaini sanye da jajayen riguna suna tafe suna tuntuɓe, ya sauko daga mumbari ya ɗauke su. Anas kuma ya ce bai taɓa ganin mai tausayin iyali kamarsa ba: ɗansa Ibrahim yana wajen mai shayarwa a unguwar Awali ta Madina, mijin matar maƙeri ne, gidan cike da hayaƙi, amma Annabi zai taka har can ya shiga ya ɗauki yaron ya sumbace shi sannan ya dawo.

Irin tunanin abokanka na majalisa ma ya iske Annabi da ransa. Aƙra'u bin Habis, ɗaya daga cikin shugabannin Banu Tamim, ya ga ya sumbaci Hasan, sai ya ce shi 'ya'yansa 10 amma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. A ganinsa mazantaka ce yake faɗi. Annabi ya dube shi ya ce: "Wanda ba ya jin ƙai, ba za a ji ƙansa ba." Wani baƙauye ya yi irin wannan magana, sai Annabi ya ce masa: "To me zan iya yi maka idan Allah ya cire rahama daga zuciyarka?" Batun aikin gida kuwa, an tambayi Nana A'isha me Annabi yake yi idan yana cikin gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin sallah ya yi sai ya fita. Wanda ya kira ka mijin-ta-ce saboda ka wanke 'yarka, ya duba da kyau wa maganarsa take shafa.

Kunyar ɗan fari al'ada ce ta Hausawa da Fulani, kuma ba na cikin masu cewa duk wata al'ada shara ce. Asalinta kawaici ne da girmama manya: sabon uba ba ya son ya riƙa rawar kai da ɗansa a gaban waɗanda suka haife shi, sai ya bar wa kakanni da baffanni su nuna yaron nasu ne. Malaman Usul, wato ilimin tushen hukunce-hukuncen shari'a, suna da ƙa'idar cewa ana hukunci da al'ada, amma da sharaɗin kada ta ci karo da nassi, wato aya ko hadisi, kada kuma ta tauye haƙƙin wani. Don haka sai mu rarrabe. Rashin kiran sunan yanka, a koma kiran yarinya Ummi ko Mama saboda sunan mahaifiya aka sa mata, wannan babu laifi, ladabi ne. Amma wanda ya ɗauka ambaton sunan ɗan fari abin kunya ne a addini ya tuna cewa shi kansa Annabi da sunan babban ɗansa ake masa alkunya, Abul Ƙasim. Wanda kuma ya yi imani wani mugun abu zai faru idan ya ambata, wannan camfi ne, sai ya tuba.

Inda al'adar take zama cuta shi ne inda yaro zai tashi bai san cinyar ubansa ba. Muna ganin gidajen da ɗan fari zai faɗi ya fasa baki, uban na zaune a tabarma ya kawar da kai don kada a ce ya yi rashin kunya, bayan shekaru kuma a ga uban nan ɗauke da auta yana saya masa alewa. Yaro yana gani, yana kuma riƙewa. Lokacin da Bashir, mahaifin Nu'umanu, ya yi wa ɗansa kyauta shi kaɗai ya zo neman shaidar Annabi, ƙin shaidawa ya yi, ya ce: "Ku ji tsoron Allah, ku yi adalci tsakanin 'ya'yanku." An ruwaito daga wasu magabata cewa suna son a daidaita tsakanin 'ya'ya ko da a sumba ne. Sannan ga wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare, uba ya fita tun yara na barci, ya zarce majalisa sai bayan isha, uwa kuma ta mayar da shi dodo: "Bari Babanku ya dawo." Irin wannan uban, ranar da yaro ya kai shekara 7 aka ce ya umarce shi da sallah, da wace fuska zai fara, alhali yaron ko ƙarar babur ɗinsa ya ji sai ya ɓuya?

Dalilin da ya sa na ce wani sashe wajibi ne: tsaftace yarinya da ciyar da ita haƙƙinta ne da ba ya jiran kowa ya warke. A Suratul Baƙara aya ta 233 Allah ya ɗora ciyarwa da tufatarwa a kan uba, ya kuma ce kada a cutar da uwa saboda ɗanta. Tilasta wa mace mai laulayi aikin da ba za ta iya ba cutarwa ce. Idan ta kasa, nauyin ya dawo kanka, ko ka yi da hannunka ko ka nemo mai raino ka biya. Annabi ya ce ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda yake ciyarwa.

Game da Hajiya, ba ka zama mai saɓa wa iyaye ba don ka kula da 'yarka, domin biyayya tana cikin abin da yake na alheri ne. Sai dai ina gargaɗinka, kada ka ɗauki wannan fatawa ka je kana karanta mata kamar kun shiga muƙabala. Allah ya hana ka ce mata ko da "tir". Ita a haka aka rene ta, wataƙila kai kanka ta danne son da take maka shekara da shekaru saboda wannan kunyar, kuma ba ƙaramin abu ba ne a ce wa tsohuwa abin da ta jure a kansa ba shi da tushe. Shawarata ita ce ka raba abin gida biyu. Wasa da sumba da cilla yarinya sama mustahabbi ne, kuma yana da faɗin lokaci. Ka yi shi a ɗakinka, ka rage shi a gaban Hajiya don daɗaɗa mata, kana da lada biyu. Annabi ya bar sake gina Ka'aba a kan harsashin Annabi Ibrahim saboda lura da zukatan Ƙuraishawa da ba su daɗe da musulunta ba. Amma idan yarinya ta faɗi, ko tana kuka, ko ta ɓata jikinta kuma babu mai wanke ta, ka ɗauke ta ko a gaban wa. Idan kun shiga gaisuwar safe, ka miƙa mata ita ka ce, "Hajiya, ga kishiyarki ta zo gaishe ki." Sau da yawa abin da ke damun kaka shi ne ta ga an ture ta gefe a kan jikarta. Idan kuma akwai wani baffa ko malamin da take jin nauyinsa, shi ya fi dacewa ya ba ta labarin Umama, ba kai ba.

Sai mas'alar tsarki. A mazhabar Malikiyya taɓa al'aurar ƙaramin yaro ko yarinya ba ya warware alwala, kuma taɓa najasa ma ba ya warware ta; ka wanke hannunka kawai ka yi sallarka. Shafi'awa suna ganin alwala ta warware idan an taɓa da cikin tafin hannu, saboda haka wanda ya sake don fita daga saɓani ya kyauta, amma ba a wajabta maka ba. Yi mata wanka a wannan shekarun babu komai. Hanafawa sun ce babu hukuncin al'aura ga yaro har shekara 4, Hanbalawa suka ce har 7. Da zarar ta fara wayo sai ka bar wa mata wannan ɓangaren, a kuma fara koya mata suturta jikinta.

Fitsarinta najasa ne, wanke shi ake yi. Hadisin Ummu Ƙais bint Mihsan, inda jaririnta ya yi fitsari a jikin Annabi ya yayyafa ruwa bai wanke ba, a kan yaro namiji ne da bai fara cin abinci ba, kuma ko shi ɗin Malikawa cewa suka yi a wanke. 'Yarka mace ce kuma an yaye ta, don haka babu saɓani. Malamanmu sun yi wa mai shayarwa rangwame a kan abin da ya taɓa tufarta bayan ta yi iya ƙoƙarinta, suka so ta ware tufar sallah. Kai ma ka rataye jallabiya ɗaya ta sallah, ka huta da wasiwasi.

Idan ta hau bayanka kana sujada sallarka ba ta ɓaci ba. Ya tabbata a Nasa'i cewa Annabi ya tsawaita sujada har sahabbai suka zaci wani abu ya faru, da ya sallame ya ce jikansa ne ya hau bayansa, bai so ya gaggauta shi ba. Ɗaukarta da hannunka kuwa, an ruwaito daga Imam Malik cewa hadisin Umama na nafila ne, a wata ruwayar kuma ya ce na lalura ne, wato idan babu mai riƙe yaron. Imam Nawawi ya ce hadisin ya haɗa har da farilla, domin ruwayar Muslim ta nuna limanci yake yi. Abin da nake ba ka fatawa da shi: a nafila ka ɗauke ta, a farilla sai in babu mai karɓarta kuma kana tsoron ta cutu ko kukanta ya ɗauke maka hankali. Sharaɗi ɗaya ne, ka tabbatar ƙunzugunta babu najasa, domin mai ɗauke da najasa da saninsa sallarsa ba ta inganta. Idan kuwa ita ce ta rarrafo ta jingina da kai kana zaune, ba kai ka ɗauke ta ba, ka ci gaba da sallarka.

Masallaci kuma, hadisin da ake yawan kawowa cewa a nisantar da yara daga masallatai mai rauni ne. Imam Malik ya ce idan yaro ba ya wasa, ko yana bari idan an hana shi, babu laifi a zo da shi. 'Yar shekara 2 da ƙyar take cika wannan sharaɗi. Ka kai ta lokacin da babu cunkoso, ka tsaya a ƙarshen sahu, da tsaftataccen ƙunzugu. Ranar da ka ga tana keta sahu tana jan hulunan mutane, ka bar ta wajen Hajiya har ka dawo.

Allah ya sauki iyalinka lafiya, ya raya yarinya a kan sunna. Wallahu a'alam.