Amsa Ga Ƙanena Mai Shirin Zuwa Karatu Helsinki: Abin Da Ake Ji A Zauren Kiɗa

Ƙanena, saƙonka ya iso, kuma ina taya ka murnar gurbin karatun da ka samu, Allah ya sanya albarka a ciki. Batun takardar izinin zama da ɗakin kwana mun riga mun gama shi ta waya. Abin da ya rage shi ne tambayarka ta ƙarshe, inda ka ce ka ga hoton da na ɗauka a zauren kiɗa, kana mamakin yadda mutum zai sayi tikiti ya zauna kusan awa biyu yana sauraron kiɗan da babu waƙa, babu rawa, babu kirari. Na zaɓi in amsa maka a rubuce, domin a ganina wannan zama na cikin abubuwan da suka fi taimaka mini wajen fahimtar mutanen Finlan.

Zauren da ka gani shi ne Musiikkitalo, wanda aka buɗe a 2011 a tsakiyar Helsinki, daura da ginin majalisar dokoki, kuma babban ɗakinsa yana ɗaukar mutum kusan 1,700. Kujerun sun kewaye dandamalin ta kowane ɓangare, saboda haka idan ka samu wurin zama a bayan makaɗan, fuskar madugunsu za ka riƙa kallo, ka ga yadda yake kiran wannan rukuni da ido, yana kwantar da wancan da tafin hannu. Ɗalibai suna samun rangwamen tikiti. Da shigarka za ka miƙa rigar sanyinka a wurin ajiya, kuma ka isa da wuri, domin wanda ya makara a ƙofa yake jira har a kai wani tsaiko.

Kayan kiɗan ba za su zama baƙi gare ka kamar yadda kake zato ba. Mafi yawan makaɗan 'yan goge ne, daga ƙananan da ake ɗorawa a kafaɗa har zuwa manyan da suka kai tsawon mutum. Akwai abin busa mai bakin kara biyu, ɗan'uwan algaita, wanda shi ne yake fitar da sauti ɗaya tilo kafin a fara, kowa ya daidaita kayansa a kai. A can baya kuma ga manyan ganguna masu siffar tambari, ga ƙahonin tagulla. Bambancin yana ga masu sauraro. A gida, idan makaɗi ya burge, akan yi guɗa, a tashi a yi masa liƙi. A nan yabon da ake ba shi shi ne shiru, kuma sai ka zauna cikin mutum fiye da dubu waɗanda ko tari suke dannewa kafin ka san nauyin wannan shirun.

Abin da na saurara a wannan dare shi ne Simfoni ta Biyar (simfoni dogon kiɗa ne mai babi-babi da ake tsara wa babbar ƙungiyar makaɗa) ta Jean Sibelius, shahararren mai tsara kiɗa na Finlan, wanda aka haifa a garin Hämeenlinna a 1865, ya rasu a 1957, kuma har yau ana ɗaga tutar ƙasa ranar 8 ga Disamba, ranar haihuwarsa. An fara kaɗa ta ranar da ya cika shekara 50, a 1915, lokacin Finlan tana ƙarƙashin Rasha, Turai kuma tana cikin yaƙin duniya na farko. Jama'a sun yaba, amma shi bai gamsu ba. Ya sake fasalinta a 1916, ya ci gaba da gyara yayin da ƙasar ta samu 'yanci a 1917 ta kuma faɗa yaƙin basasa a 1918, sai a 1919 ya fito da siffar da ake kaɗawa yanzu, mai babi uku, wadda ba ta wuce rabin awa da 'yan mintuna ba.

Babin farko yana buɗewa da busar ƙaho a hankali, kamar ketowar alfijir, sannan kiɗan ya riƙa ƙara sauri ta yadda ba za ka iya nuna inda tafiya ta koma gudu ba. Na biyu mai natsuwa ne, 'yan goge suna tsinkar tsirkiya da yatsa, ana juya ɗan gajeren sauti ɗaya ta fuskoki dabam-dabam. Amma na uku nake so ka jira. A watan Afrilun 1915 Sibelius ya ga wasu manyan fararen tsuntsayen ruwa masu dogon wuya, su 16, suna shawagi a saman gidansa na Ainola da ke Järvenpää, ya kuma rubuta a kundinsa cewa wannan na cikin manyan abubuwan da ya gani a rayuwarsa. Waɗannan tsuntsaye sukan bar ƙasar idan tafkuna sun daskare, su dawo da narkewar ƙanƙara, don haka dawowarsu bushara ce ta ƙarshen sanyi. A cikin kiɗan, 'yan goge ne suke fara rawar tsirkiya da sauri kamar iska, sai kawai ƙahonin su shigo da wani sauti mai lilo, sama da ƙasa, sama da ƙasa, kamar bugun manyan fukafukai, masu sarewa kuma su shimfiɗa wata doguwar murya a kansa. Na saurare shi ne a sanyina na farko a nan, a watan Disamba, lokacin da hasken rana bai fi awa shida ba kuma kewar gida ta dame ni, kuma da ƙahonin suka shigo sai na ji idanuna sun cika. Dattijon da ke gefena bai ce mini komai ba, ni ma ban ce masa ba, amma da muka miƙe ya dube ni ya ɗan gyaɗa kai. Tun daga ranar na daina ɗaukar ƙarancin maganar mutanen nan a matsayin ƙyama.

Na ji wannan simfoni a waya sau da yawa bayan haka, amma waya ba ta kawo girgizar manyan gogen da kake ji a ƙirjinka, ba ta kuma nuna maka hannaye masu yawa suna tashi suna sauka a tare. Saboda haka idan ka iso, ka duba jadawalin ƙungiyar makaɗan birnin Helsinki, wadda aka kafa tun 1882, ko ta gidan rediyon ƙasa, domin dukansu a wannan zaure suke kiɗa. A lokacin hutun tsakiya ana sayar da giya, amma akwai kofi da shayi da burodi mai zaƙi, kuma babu mai duban abin da ke hannunka.

Ka kiyaye abu ɗaya. Ba a tafi tsakanin babi da babi, kuma ƙarshen wannan simfoni yana ruɗin baƙo, domin tana rufewa ne da bugu shida masu ƙarfi, tsakaninsu akwai shiru mai tsawo da ba daidai yake ba. Ka ƙirga su a zuciyarka, ka sa ido a hannun madugu, sai ya sauke shi bayan na shida sannan ka tafa. Ka gaida su Inna, kuma ka sanar da ni ranar saukarka domin in tarye ka a filin jirgi.