Amsar tambayarka kan mutumin nan da jirgi ya kashe kakarsa

Salam ɗana, naga saƙonka. Kace mutumin da yazo shago bana nan yana so a bi masa salsalar kakarsa ta wajen uba, wadda a gidansu ake cewa jirgi ne ya jefo bam ya kashe ta ita da goyonta a Makurɗi lokacin yaƙin basasa, basu da hoto basu da takarda ko ɗaya, sunanta ma Iya kawai suka sani, kana tambaya ko gobe ka wuce ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke nan Kaduna ka fara buɗe fayil.

A'a, kar ka fara da can. Fayil yana nan ko baɗi ka je zaka same shi, amma tsohuwar da ta san matar nan ba lallai ta kai baɗi ba. Yaƙin nan an fara shi 6 ga Yulin 1967 aka gama a Janairun 1970, toh yi lissafi da kanka, yarinyar da take da shekara goma sha biyar a lokacin yanzu ta haura saba'in, wadda kuwa tayi wa gawar wanka in tana raye sai dai ikon Allah. Saboda haka abu na farko ka kira shi ka tambaye shi wace ce mafi tsufa a danginsu, goggo ko inna ko kishiyar marigayiyar ko ƙanwar mijinta, a ina take, Rigasa ce ko Tudun Wada ko ta koma ƙauye, nan zaka fara.

Kuma in zaka je ka tafi da ƙanwarka, ba kowane gida zaka shiga ba, ko ka shiga ma akwai maganar da tsohuwa bazata yi a gaban namiji baƙo ba. Ka riƙe goro da ɗan sabulu, ka gaishe ta yadda ya kamata, ka yi wa mamatan addu'a kafin komai, kar ka zauna ka zaro waya kamar ɗan jarida. Sai ta sake ka nemi izini ka kunna rikoda. Kar kuma ka tambaye ta ranar nawa ga wata abin ya faru, bazata sani ba kuma don kar ta baka kunya sai ta faɗi abin da ya zo bakinta, kai kuma ka rubuta ƙarya da hannunka. Tambaye ta damina ce ko rani, an ci sabon gero ko ba'a ci ba, kafin azumi ne ko bayan sallah, ranar kasuwa ce, da safe ne ko bayan la'asar, wa take goyo a lokacin. Wannan na ƙarshen yana da amfani sosai, don in tace ina goyon wane, toh wanen nan yana da katin makaranta ko takardar fansho, daga nan ka samu shekara.

Ga abin da zaka riƙe a kanka na auna magana. An kashe Sardauna 15 ga Janairun 1966. Gowon ya yi jihohi 12 ranar 27 ga Mayun 1967. Mauludin shekarar ya faɗo a watan Yuni, ba'a jima ba aka fara yaƙi. Duk azumin da aka yi cikin yaƙin nan a tsakanin Nuwamba da Disamba ya kama, lokacin hunturu, to in wani yace maka ana azumi ana ruwan sama aka jefo bam ɗin ka san ya haɗa labari biyu ne, ba wai maƙaryaci bane, shekaru ne suka yi yawa. Jirgin Biyafara da ya riƙa zuwa wannan ɓangaren tsohon jirgin yaƙi ne ƙirar B-26, wani ɗan ƙasar Folan Jan Zumbach ya tuƙa shi, ya kai hari filin jirgin Makurɗi a Yulin 1967, jirgin ya kai har Kano daga baya, kuma a farkon yaƙin ne aka fi yin wannan, kafin Inugu ta faɗi a Oktoban 1967. Kenan in labarin gidansu daidai ne daminar 1967 zaka fi sa wa ido. In tsohuwa tace ai lokacin an riga an canja kuɗi zuwa naira, ko an koma tuƙi ta hannun dama, wannan 1973 da 1972 ne, yaƙi ya ƙare, wani abin ne daban ya kashe matar.

Akwai kuma takaba. Mace zata manta shekara, bazata manta lokacin da ta fita takaba ba, in a gidan ko maƙwabta akwai wadda mijinta ya mutu a harin, tambaye ta a wane wata ta fita, ka koma baya wata huɗu da kwana goma, sau da yawa da wannan kaɗai nake matso da rana zuwa cikin sati biyu.

Yanzu maganar suna, nan ne aikin yake, kuma nan ne nake so ka natsu. Mutanenmu basa kiran suna kai tsaye. Matar da ka je wajenta bazata faɗi sunan mijinta ba, bazata faɗi na ɗan farinta ba, in marigayiyar sunan uwar miji gare ta toh duk gidan Iya ko Uwa ko Mama za'a riƙa ce mata har sunan yankan ya ɓace, inaga abin da ya faru da wannan kenan. Kar ka matsa mata. Ka tambayi wadda ba ruwanta da wannan alkunyar, ko ka tambaya wace yarinya aka sa wa sunanta bayan rasuwar, don da wuya a rasa, mace ta mutu irin wannan mutuwar dole wani ɗan'uwa ya mayar da sunan, ita takwarar kuma tana da katin zaɓe da sunan yanka a jiki. In kaji Ladi ko Talatu ko Jummai ko Asabe ka rubuta amma ka san sunan rana ne, akwai wani a ƙarƙashinsa. Sai sunan ubanta da garinsu na asali da sana'ar gidansu, mahauta ne, fatake ne, ma'aikatan reluwe ne. Yawancin Hausawan Makurɗi fatauci ko aikin jirgin ƙasa ko kamun kifi ne ya kai kakanninsu, unguwar Wadata zaka nufa, ka fara da gidan Sarkin Hausawa da limamin unguwa, kar ka shiga gari kana tambayar mutuwa ba tare da ka gaishe su ba. Goyon ma ka nemi sunansa. Kowa mantawa yake da jarirai a irin wannan lissafin, ace mace ɗaya da ɗanta, toh ɗan nan an yanka masa rago, yana da suna, ni bana miƙa aiki babu shi sai in na ƙure nema.

Kafin ka bar gidan ka roƙa a buɗe maka adakar tsohon gidan, irin akwatin ƙarfen nan da ake turawa ƙarƙashin gado. Rasit ɗin haraji, katin asibiti, takardar sayen gida, wasiƙa, hoton sallah. Ka duba gafakar Alƙur'ani da bangon littattafan malamin gidan, malaman da suna rubuta haihuwa da mutuwa da ajami a gefen takarda, wance ta rasu ranar kaza ga watan kaza, layi ɗaya tal amma ya fi fayil goma. Shi yasa nake ta damunka da koyon ajami. Kar ka ɗauko komai, ka ɗauki hoto a gabansu ka mayar yadda ka gani.

Sai bayan wannan ka zo takarda. Ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke kan titin Yakubu Gowon mafi yawan abin da ke cikinta fayilolin zamanin Turawa ne da na gwamnatin Jihar Arewa, na lardin Binuwai su ne masu alamar MAKPROF, kamar yadda na Zazzau suke ZARPROF, suna taimakawa in kana bin yadda mutane suka zauna a gari da wa ya riƙe sarautar unguwa, amma sunan matar talaka da wuya ka gan shi a ciki. Abin da zaka nema shine jaridu, New Nigerian da aka fara bugawa nan Kaduna a Janairun 1966 da Gaskiya Ta Fi Kwabo, ka duba can ka duba Arewa House a titin Rabah, ka bi kwana bakwai kafin ranar da kake zato da kwana goma bayanta. Amma ka karanta da hankali, jaridar lokacin yaƙi kowane ɓangare abin da zai ƙarfafa mutanensa yake bugawa, ɗaya ya rage ɗaya ya ƙara. Jarida zata baka rana da wuri, wani lokaci da adadi, suna kuwa sai in mamacin babban mutum ne.

Wurin da yara irinku basa tunawa shine kotun alƙali. In matar ta bar gida ko gona ko dabbobi kuma aka je rabon gado, littafin kotu zai jero magada ɗaya bayan ɗaya da dangantakarsu, kaga salsala kenan a rubuce. Kuma a nan zaka gane dalilin da yasa nake cewa ka tambayi wa ya fara cikawa, ita ko jaririn. A mazhabarmu ta Malikiyya in mutane suka mutu tare, gini ya faɗo musu ko ruwa ya ci su, ba'a san wanda ya riga wani ba, basa gadon juna. In kuwa an shaida jaririn ya kai yamma ita ta cika da safe, toh ya gaje ta, rabonsa kuma ya wuce ga nasa magadan. Alƙali dole ya nemi shaidu a kan wannan, shaidun kuma ganau ne, an rubuta sunansu. Ka kula fa, aikinmu tarihi ne, in kaga mutumin yana neman tayar da rigimar gado da abin da ka samo ka tura shi wajen malamai da kotu, kar ka yanke hukunci.

A littafinka kowace magana ka sa mata alama, wannan na gani a takarda, wannan ganau ya faɗa, wannan jiyau ne. Kar ka cakuɗa su don labari yayi daɗi. Kuma ka shirya wa yiwuwar cewa ba jirgi bane, shekarun 1966 da 1967 mutane da yawa sun ɓace a hanya da rikici da ciwo, daga baya gida ya tattara komai yace yaƙi. In haka ka samu haka zaka gaya masa, cikin ladabi, kuma tun yanzu kar ka yi masa alkawarin kabari, mu bama rubuta suna a kabari, an binne a ranar, masu haƙan sun tafi.

Wata rana kuma wanda zai shigo shagon nan Inyamuri ne daga Sabon Tasha ko Talbijin, shi nasa kakannin jiragen gwamnatin tarayya ne suka kashe su a kasuwa ko asibiti a Umuahia ko Aba ko Owerri, can ɓarnar ta fi yawa nesa ba kusa ba, gaskiya kenan kuma ba'a ɓoye ta. Ka karɓe shi kamar yadda ka karɓi wannan. Hanyar ɗaya ce, sai dai su suna da rijistar baftisma da ta aure a coci, akwai kuma ma'adanar tarihi ta Inugu, nasu ya kan fi sauƙin bi ta takarda.

Abin da ke ci min rai shine Ingila bayan yaƙin duniya na biyu sun zauna sun rubuta sunayen fararen hula sama da 67,000 da suka mutu, suna da shekaru da inda mutum ya mutu, littattafan suna ajiye a cocin Westminster, jika zai je ya ga kakarsa. Mu namu adadi ne kawai, adadin ma ana gardama. Kuma ba tsohon zance bane. Rann a Borno, 17 ga Janairun 2017, jirgin soja ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira. Tudun Biri nan Igabi a bayanmu, daren 3 ga Disambar 2023, jirgi maras matuƙi ya faɗa wa masu Mauludi, sojoji sun amsa cewa nasu ne, hukumar agajin gaggawa tace an binne 85, wasu sun ce sun fi haka, aka sa su a kabarin bai ɗaya. Waɗanda suka yi musu sutura suna nan da ransu, iyayen yaran suna nan, yau in ka tambaya za'a faɗa maka sunan kowa da na ubansa da na kakansa, nan da shekara hamsin jikokinsu zasu zo wajen wani irinka suce Iya kawai muka sani. Ina so in mun gama wannan aikin mu nemi izinin mai garin mu je, ba kuɗi zamu karɓa ba, mu rubuta gida gida in sun yarda, wanda baya son magana a ƙyale shi, mu buga mu ba kowane gida kwafi mu kai ɗaya masallaci.

Kuɗin wannan mutumin kuma kar ka yanka masa gaba ɗaya, ka karɓi na zuwa wajen tsohuwar da na duba jaridu tukuna, in abin da ka samo ya nuna Makurɗi sai a yi maganar kuɗin mota da kwana. Ka sayi sabon littafi mai bango mai tauri, ka cika cajin wayarka, ka kira shi yau da daddare ka ji inda goggon take, in ta yarda ku je jibi da hantsi kafin ta gaji. Abin da kuka naɗo ka turo min in saurara kafin ka rubuta komai.