Zuma, farin sukari ko gulukos: wanne zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina na fama da ciwon suga. An ce mu daina saya masa farin sukari mu koma zuma, wai ita ba ta da illa. Gaskiya ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Sai mun ɗan leƙa kimiyya tukuna, don a nan ruɗun yake. Sukari dangi ne mai yawa, kuma ƙananan cikinsu, waɗanda ba a iya sake raba su a sami wani sukarin, su ake kira monosakarayid. Uku ne suka fi shiga bakinmu: gulukos, furuktos da galaktos. Dukansu kabon 6 ne da haidirojin 12 da oksijin 6, wato C6H12O6, yadda aka jera ƙwayoyin ne kawai ya bambanta su. Masana na kasa su ta fuska biyu. Ta yawan kabon akwai masu 3, masu 4, masu 5 irin ribos da ke cikin RNA, sinadarin da ke ɗauke da saƙon gado a ƙwayoyin halitta, da masu 6 irin waɗannan. Sai kuma ta inda rukunin kabonil, wato kabon da ke riƙe da oksijin da ɗauri biyu, ya zauna: in a bakin sarƙar kabon yake aldos ne, kamar gulukos da galaktos, in a kabon na biyu yake ketos ne, kamar furuktos. Bajamushe Emil Fischer ne ya warware tsarin da yawa daga cikinsu, aikin da ya taimaka masa ya ci kyautar Nobel a 1902.

To, farin sukari sukuros ne, gulukos ɗaya manne da furuktos ɗaya, hanji ke raba su. Ita kuwa zuma, ƙudan zuma sun riga sun yi wannan rabon: kusan kashi 38 cikin 100 furuktos ne, kusan 31 gulukos, kusan 17 ruwa. Kin ga abin da zai isa jinin Baba kusan iri ɗaya ne. Gaskiya furuktos ba ya tada sugan jini da sauri kamar gulukos, domin hanta yake fara zuwa, amma in ya yi yawa hantar na mayar da shi kitse. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta sa zuma layi ɗaya da sukarin da ake zubawa a abinci: kada su kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke ci a yini, in an iya ma a tsaya ƙasa da kashi 5, wajen giram 25 ke nan, ƙaramin cokali 6. Wannan ma'aunin na mai lafiya ne, na Baba likitansa ne zai yanka masa. Abin da ke damuna shi ne a saki jiki ana tuttula masa zuma da sunan magani. Jan sukari ma kada ya ruɗe ki, sukuros ne da ragowar ruwan rake a jikinsa.

Tambaya: Zumar da na saya ta daskare a gindin kwalba, ta yi tsaki-tsaki. Jabu aka sayar mini?

Amsa: Malam, kada ka zubar. Gulukos bai kai furuktos narkewa a ruwa ba, zuma kuma ruwanta kaɗan ne, don haka da ta jima ko ta ji sanyi sai gulukos ɗin ya ware ya zama ƙanƙara-ƙanƙara. Zumar furen da gulukos ya yi wa yawa ta fi saurin yin haka. Daskarewa ba ta nuna jabu, rashinta ma ba ya nuna ta gaske ce. Ka tsoma kwalbar a ruwan ɗumi, za ta saki. Sai dai kada a ba jaririn da bai shekara ba, ko ɗigo, saboda cutar botulizim.

Tambaya: Madarar da aka rubuta ba ta da laktos ta fi zaƙi. Sukari suke ƙarawa?

Amsa: Galibi a'a, Hajiya. Laktos, sukarin da ke cikin madara, gulukos ne haɗe da galaktos, zaƙinsa kuma kaɗan ne. Ana zuba enzayim mai suna laktes ya raba su, kuma a rabe sun fi zaƙi. In madara ba ta kumbura miki ciki ko sa ki gudawa, ba ki da buƙatar ƙarin kuɗin da ake ɗora mata.

Tambaya: Garin gulukos yana ƙara wa yara ƙarfi? Kullum nake dama musu.

Amsa: Ki rage, Malama. Giram ɗaya nasa kalori 4 ne kamar kowane sukari, ba furotin, ba kitse, yana kuma cin haƙori. Yaron da ke cin abinci na samun gulukos daga sitacin hatsi da makamantansu, a hankali yadda jiki ya fi so. Inda gulukos ke ceton rai biyu ne. Na farko ruwan gishiri da sukari na masu gudawa, domin hanji na jan gulukos tare da sodiyam, ruwa ya bi su. A nan ki sayi haɗaɗɗen fakiti ki dama da adadin ruwan da aka rubuta a jiki. Na biyu mai ciwon sugan da sugansa ya faɗi yana rawar jiki da gumi: a ba shi giram 15 na gulukos, a sake auna sugan bayan minti 15. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti.