Yaron da ba ya ja a aji amma ya iya gyara

Malama, kin ce ɗanki yana zuwa na ƙarshe a jarrabawa, amma yana kwance fanka ya mayar da ita ta yi aiki, kuma kina fargabar makomarsa.

Jarrabawa ta fi auna basirar harshe da lissafi. A 1983 Howard Gardner na Jami'ar Harvard ya ce basira iri 7 ce, ciki har da ta sarrafa hannu da jiki, da ta iya zama da mutane. Masana da dama sun soki ra'ayin, amma duk wanda ya ga bakanike ya gane ciwon mota daga ƙarar inji ya san akwai ƙamshin gaskiya a ciki.

Kada ki kira shi daƙiƙi, kada kuma ki cire shi daga makaranta, domin ko mai gyara yana buƙatar karatu da lissafi, kuma riƙon amana ne ke dawo masa da masu kawo aiki. Ki haɗa masa boko da koyon sana'a. Idan yana matse ido a gaban allo ko yana rikita haruffa, ki kai shi asibiti a duba ganinsa da jinsa.